Arba'in da Bakwai

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni Azumi, shi kuma ya karɓi abarsa. Wannan labarin jinyarta ne, mako shida, daga Salaga zuwa Yendi, daga Yendi zuwa Bawku. Na sa an rubuta shi ne saboda matan da ke da ƙananan yara a gida. Ba don in huce ba ne, hucewa kam na daɗe da cire rai da ita.

Sunana Hajara. Kakannina fataken goro ne, daga Kano suka zo suka zauna a Salaga, kuma a gidanmu ana ji da Hausa kamar yadda ake ji da tasoshin gado. Mahaifiyata in ta ji yaran zango suna cewa "yarinya ya zo" sai ta yamutsa fuska kamar ta taka kashin kaza. Da wannan girman kai na tashi, da shi na shiga gidan miji. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

Mijina falken shanu ne, yana sayowa a Bawku ya kora zuwa Kumasi. Gidan da muke ciki na yayansa ne, wanda muke kira Yaya Malam, shi ne babba, maganarsa ce magana. Matarsa Adisa ita ce faccalata, kuma ban taɓa ganin sharrinta ba. 'Ya'yana biyu na farko ba su zauna ba. Azumi ce ta zauna, tana cikin shekara ta biyar a lokacin, ga surutu kamar an kunna ta.

A zamanin ne lori ta fara bin hanyarmu, kayan kantin Turawa suka fara isowa gidajen talakawa. Wata dawowa daga Kumasi maigida ya zo wa Azumi da 'yar tsanar Turawa, mai jan gashi da ido irin na mage, in aka kwantar da ita sai ta rufe ido. Yarinyar nan ta goya ta, ta shiga zagaya gida tana cewa, "Ku zo ku ga ɗana."

Na kira ta. "Wannan mace ce ko namiji?"

"Mace."

"To, mace 'ya ce, namiji ne ɗa. Ce 'yata."

Kwana uku ina fama da ita. Duk sanda ta ce "ɗana" sai in murɗe mata kunne, kunnen hagu, shi ne ya fi kusa da hannuna. A na huɗu ta iya, na yi ta yi wa Adisa alfahari cewa 'yata ba za ta yi Hausar kasuwa ba.

'Yar tsanar ba ta cika wata a gidan ba. Yaya Malam ya shigo wata rana da hantsi ya ga Azumi ta kwantar da ita, ya ga idon ya rufe. Ya ja baya yana a'uziyya. Ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da gunki, balle gunkin da har barci yake yi. Ya ɓamɓare ta daga hannun yarinyar, ya fita da ita ya jefa a tsohuwar rijiyar bayan gida, ɗaya daga cikin matattun rijiyoyin nan da Salaga ta cika da su. Azumi ta yi kuka har muryarta ta dishe. Uban yana tsaye yana kallo.

Kashegari dai abin ya dame shi, ya samu yayansa a tsakar gida ya ce, "Yaya, to da me yara za su yi wasa? Gidan ya yi shiru da yawa." Aka shiga shawara kamar za a naɗa limami. Adisa ta ce carafke, Yaya Malam ya ce dutse yana fasa ido. Maigida ya ce ya ga usur na gwangwani a Kumasi, Yaya Malam ya ce busa kiran shaiɗan ce. Aka kawo maganar 'yar tsanar kara wadda ba ta da fuska, ni kuwa na riga na yi mata, ta dube ta sau ɗaya ta wurgar. Sai ni mai wayo na durƙusa na ce, "Yaya Malam, a sassaƙo mana dara mana, irin ta gurbi goma sha biyu da mutanen Kumasi ke yi. Ba ta da ido, ba ta da baki, ba za ta cuci kowa ba. Manya su yi, yara su yi, ga koyon lissafi."

Ya ce, "Kin yi tunani, Hajara." Ban taɓa jin ya yabe ni ba sai ran nan, har na ji kaina ya yi girma.

Masassaƙi ya yi allon. 'Ya'yan darar kuwa ni na tara su da hannuna, 'ya'yan tsamiyar da muke jiƙawa don kunu, na wanke na shanya, arba'in da takwas, hurhuɗu a kowane gurbi. Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗin darar nan. Bayan maigida ya tafi Bawku, kullum in an sauke tukunyar rana ni da Adisa mu baje a gindin darbejiya, ita tana zamba ina kama ta, muna shewa. Da la'asar Yaya Malam ya aiko a kai masa zaure ya kara da baƙinsa. Azumi ba ta san kan wasan ba. Aikinta shi ne ta tattara 'ya'yan da aka ci, ta wanke su a ƙoƙo, ta naɗe su a tsumma ta goya, ta yi ta jijjiga su tana rarrashi. Na ga haka na ce alhamdulillahi, ta manta.

Wata Laraba da yamma ina mayar da 'ya'yan gurabensu na ga ɗaya ya rage uku. Na sake ƙirgawa, arba'in da bakwai. Na share gindin bishiya ban gani ba, na ce kajin Adisa ne, ba abin da ba sa haɗiyewa. Na tura allon ƙarƙashin gado.

Da safe Azumi ta tashi riƙe da kunnen hagu. Ta ce, "Mma, ɗana ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa."

Na ce, "Wane ɗaki?" Ta nuna kunnen. Na leƙa, duhu kawai na gani. Raina ya ba ni 'yar tsanar nan take nufi, har na ji haushin ta koma Hausar zango bayan duk wahalar da na sha. Ban murɗe ta ba dai, tunda tana ciwo. Na narka man kaɗe na ɗiga mata.

Makon farko ciwon kunne muka ɗauke shi, irin na kowane yaro. Adisa ta matso ruwan albasa. Wata maƙwabciya ta ce ruwan ɗumi da gishiri, safe da yamma. Wata ta ce nonon mai jego, har ta tatsa mana nata, Allah ya saka mata. Duk wanda ya shigo dubiya da abin da zai ce a zuba, ni kuma ba na musu, ina zubawa. Kullum ciwon gaba yake yi. Yarinyar da ke cinye malmalar tuwo ita kaɗai ta koma sai kurɓar koko.

A mako na biyu kunnen ya fara zubar da mugunya mai wari, zazzaɓi ya sauka. Tana kuka tana cewa, "Ɗana yana girma, Mma, yana ture ni." Yaya Malam ya ji da kunnensa. Ya gyaɗa kai, ya dubi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun ji ko? Na faɗa muku. Abin da ke cikin gunkin nan ne ya fito ya shige ta. Da na bar shi ya ƙara kwana, da gidan gaba ɗaya zai kama." Wallahi a fuskarsa na ga wani abu mai kama da jin daɗi, irin na wanda maganarsa ta tabbata. Ya zauna ya yi rubutu allo bakwai, ba zan hana shi ladansa ba, har idonsa ya yi ja. Aka wanke, rabi ta sha, rabi aka ɗura a kunnen.

Akwai ɗakin magani na Turawa a garin. Na durƙusa na roƙe shi in kai ta. Ya ce, "Ubanta ba ya nan. In suka yanka ta, me zan ce masa? Kuma wannan ba ciwon asibiti ba ne." Na ce to a aika wa uban. Aka ba wani direban lori saƙo. Har yau ban san inda saƙon ya kwana ba.

Mako na uku bayan kunnen ya kumbura, ya yi ja, in ƙuda ya sauka a kai sai ta ƙwalla ƙara. Yaya Malam da kansa ya ce a kai ta Yendi, ya ji labarin wata tsohuwa Badagomba da ke fitar da iska. Wannan kam bai buƙaci izinin uba ba. Na sayar da biyu daga cikin tasoshin aurena, na goya yarinya na hau lori a kan buhunan doya.

A Yendi na sauka gidan Gwaggo Lariba, ƙanwar mahaifina, mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Ta kwance goyon, ta ji warin, ta ce, "'Yar nan, mako nawa?" Na ce uku. Ta ce, "Kuna da hankali kuwa a gidan nan?" Ta rufe kaskonta ran nan, kuma ba ta sake buɗe shi ba sai da muka bar garin.

Tsohuwar mai magani ta yi mana kwana biyar. Ta turara hayaƙi, ta dafa saiwoyi, ta sa aka yanka baƙar kaza. A rana ta biyar ta fito da Azumi cikin rana, ta karkata kanta, ta daɗe tana duban kunnen. Ta yi magana da Dagombanci, Gwaggo ta fassara mini. "Ta ce ta nemi iska ba ta samu ba. Ta ce wannan ba aikinta ba ne, a kai wa masu ƙarfe, likitocin Turawa." Ta mayar mana da zanen da muka kai mata. A duk waɗanda suka taɓa yarinyar nan, ita ce ta fara cewa "ban sani ba", kuma har in mutu ina yi mata addu'a, ko da yake ba sallah take yi ba.

Na ce wa Gwaggo sai na jira amsar maigida. Na jira mako guda cur, mako na huɗu ke nan, ina zuwa tasha kullum ina tambayar direbobi. Wannan makon shi ne ba na iya yafe wa kaina. A cikinsa bakin Azumi ya karkace gefe guda, idon hagu ya daina rufuwa ko tana barci. Wuyanta ya fara sanƙarewa. Gwaggo ta gaji ta ce, "Izinin nan da kike jira yana Bawku, ba shi da ƙafa. Tashi mu je mu same shi." Ta kwance 'yan kunnenta na azurfa ta kai kasuwa.

Damina ta fara. Tafiyar ta ci mana kwana huɗu, lori na kafewa a taɓo, maza na sauka suna turawa, mu mata muna tsaye a ruwa. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a jikin yarinyar. Daga baya ma ta daina ƙara, sai nishi. Wani Bamoshe mai sayar da albasa, ban san sunansa ba, ya cire rigarsa ya yi mata rumfa tun daga Garu har muka isa.

A kara, inda ake cinikin dabbobi, muka samu maigida, cikin shanu. Ya dubi abin da ke bayana bai gane ta ba sai da ta ce "Baba". Ya zauna a ƙasa cikin kashin shanu. Saƙo bai taɓa iso masa ba. Da ya ji bayani ya ce, "Wa ya ce ki jira ni? Yarinya tana mutuwa kina jiran izini?" Mutumin da aka ƙwace wa 'yarsa abin wasa a gabansa bai iya buɗe baki ba, yau shi ke tambayata dalilin da ban tsallake maganar yayansa ba.

Mun taki sa'a, in sa'a ce, wani likita Bature ya sauka rangadi yana duba mutane a wata babbar rumfa. Layi ya kai bakin hanya, masu kurkunu, masu gyambo, makafi, mata da jarirai. Rana ta farko ba mu kai ba aka tashi. Ta biyu ma haka. A ta uku Gwaggo ta ɗauki Azumi ta ratsa layin tana zagin duk wanda ya tare ta da harshe uku, har ta dire ta a gaban tafinta.

Tafintan Bakusashe ne, Hausarsa irin wadda na tashi ina rainawa. Ya ce, "Yarinya ɗin, me ya same shi?"

Na fara ba shi labarin gunki da rijiya. Baturen bai jira ba. Ya sa wani madubi a goshinsa, ya share mugunyar da auduga, ya leƙa. Ya yi wata magana gajeriya. Aka ɗora mata tsumma mai wari a hanci ta yi barci, ya ɗauki ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa. Ban kai ga gama salati goma ba na ji wani abu ya faɗa a farantin tangaran.

Ya kumbura ya ninka girmansa, ɓawon ya tsage, ya yi fari-fari. Amma na gane shi. Ni na wanke shi, ni na shanya shi.

Tafinta ya ce, "Ɗan tsamiya ne. Dokta ya ce wa ya sa ruwa a kunne? Ya ce wannan abu, in ya sha ruwa, yana kumbura. Ya ce da rana na fari kun kawo, yana cirewa, yarinya yana tafiya gida da ƙafa."

Baturen ya tsaga kumburin bayan kunnen ya matse, ya taɓa wuyanta, ya ɗaga fatar idonta. Ya dube ni, ya ce, "Tulet." Sau biyu ya faɗa. Na tambayi tafinta me ke nan. Ya kau da kai yana gyara kwalabe, sannan ya ce, "Kun yi latti, Mma. Ciwo ya shiga cikin kai." Kalmar Turanci ɗaya ke nan da na sani a duniya, kuma ban nemi ƙari ba.

Da Azumi ta farfaɗo ta ga farantin. Rabin fuskarta da ke motsi ya yi murmushi. Ta ce, "Ɗana ya fito."

Na ce, "Shi kike nufi? Tun ran nan shi kike nufi? Ba 'yar tsanarki ba?"

Ta dube ni da mamaki, da ƙyar muryar ke fita. "Mma, waccan ai 'yata ce. Ke kika ce."

Ni na ce. Na murɗe mata kunne kwana uku har ta iya, ta kuwa riƙe. Tun safiyar farko yarinyar nan ta gaya mini gaskiya da Hausa tsab, wadda ko mahaifiyata ba za ta yi wa gyara ba. Ta ce ɗa, ta ce ya shiga, ta nuna wurin, ta ce yana girma. Ni da na ƙirga arba'in da bakwai da hannuna, ni da ke taƙamar na fi kowa jin Hausa a zango, na ɗauka kuskure ta yi. Ta rasa inda za ta kwantar da ɗan ƙaramin cikinsu inda ba mai ƙwace mata shi ya jefa a rijiya, shi ne ta sa shi a kunne.

Ta roƙi a ba ta shi, tafinta ya wanke ya ba ta. Likitan ya ba mu wani farin gari da ruwan wanke ciwo, ya sa ana zuwa dubanta a masaukinmu, bai karɓi ko anini ba. Ta yi kwana biyar a haka, hannunta a dunƙule. Ranar Litinin da hantsi, ana cikin hayaniyar kasuwa, ta cika a cinyar Gwaggo. A Bawku aka binne ta, garin da ba ta san kowa ba. Da za a yi mata wanka na buɗe hannun na ɗauke shi.

To, ku mata, ga abin da zan ce muku. In za ku zaɓa wa yara abin wasa, ku daina duban ido da baki, ku dubi girmansa. Duk abin da zai shige kunne ko hanci ko maƙogwaro, ku ɗauke shi daga gaban ƙaramin yaro, ko da malaman duniya sun sa masa albarka. In kunne ya yi ciwo kada ku zuba komai sai wanda ya iya dubawa ya duba. In kun ƙwace wa yaro abin da yake so, ku sani zai nemi wani ya ɓoye inda ba ku zata ba. Kuma in yaro ya yi magana, ku tambaye shi me yake nufi kafin ku kai wa manya su fassara. Ni ban tambaya ba sai a Bawku.

Na gode wa Gwaggo Lariba, Allah ya haskaka kabarinta. Na gode wa Adisa, da tsohuwar Yendi, da mai albasa, da tafintan da ya kau da kai don kada ya ga fuskata. Sauran kuma Allah ya san su.

Da muka koma Salaga maigida ya gaya wa yayansa abin da aka ciro. Ina bayan ƙofa ina ji. Yaya Malam ya ja carbi, ya ce kwana ne ya ƙare. Can kuma ya ƙara da cewa, "Darar dai ba ni na kawo shawararta ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki ya yi baƙi daga Karaga. Da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajara, allon nan yana nan? Baƙi sun gaji da zama."

Na jawo shi daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙurar, na durƙusa na miƙa masa. Ya buɗe a nan tsaye, yana bin guraben da yatsa, huɗu, huɗu, huɗu. Ya kai na ƙarshe ya tsaya.

"Ai bai cika ba," in ji shi. "Ɗa ɗaya babu."

Yana ƙulle a bakin zanena, inda yake har yau. Na ɗora hannu a kan ƙullin, na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda na shigo gidan.

Na ce, "Na sani, Yaya Malam. 'Ya ɗaya ma babu."